Nasir Ya Ƙi Cin Nakanik ɗin Surukinsa

Duk wanda ya san Rusaifa a Makka ya san bufiyar Abdulganiyyu ko da bai taɓa shiga ba, don ƙamshin hayaƙinta ke fara tarar mutum tun daga bakin layi. Ɗan shago ne matsattse tsakanin mai wankin kaya da Mukhtaru mai gyaran waya, tebur biyu, sai murhun gawayin da ya girmi yawancin masu cin abincin. Mai shagon dattijo ne gajere kakkaura, ya haura sittin. A nan Makka aka haife shi, kakansa ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Kano bai koma ba. Hausarsa rabi ce, rabin Larabcin Hijaz, in ransa ya ɓaci kuwa sai ya haɗa biyun ya zazzage maka. Kuma ba abin da ya fi masa sauƙi irin ɓacin rai.

Ubansa mai tsire ne, abin da mutanen Makka ke ce wa sire, a gindin wannan wutar ya tashi. Ya gaji murhu, ya gaji haɗin yajin ƙuli, ya gaji zafin rai. Da zamani ya juya, 'yan makaranta suka ishe shi da tambayar nakanik, naman nan dogo da ake sakawa a cikin burodi, wanda wasu ke kira hot dog, sai ya ce to zai sayar, amma ba irin na kowa ba. A wurinsa duk wanda ya dafa nakanik a ruwa ya ci amanar nama, wanda ya soya shi a mai kuma malalaci ne kawai. Shi sai ya tsattsaga shi da wuƙa a karkace, ya shafa masa man gyaɗa, ya birkiɗa shi a yajin ƙuli, ya ɗora a gefen garwashi inda wuta ba ta da ƙarfi, yana juyawa da yatsu har tsagar ta buɗe. Sai ya kara burodin samuli a wuta kaɗan, ya sa naman, ya zuba ɗanyar albasa, ya matsa lemon tsami. Shi ke nan fa. Ba kacab, jan romon tumatir ɗin nan na kwalba, ba mayonis, ba cuku, ba soyayyen dankali. In ka nemi kacab, da wuƙar hannunsa zai nuna maka ƙofa, ya ce akwai wata bufiyar a gaba. Kuma dole a nan za ka ci, da zafinsa, yana tsaye yana kallon fuskarka. Wallahi wannan kallon ya fi masa komai daɗi a sana'ar.

Matarsa Ummulkhairi ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Arwa. Da ta isa aure sai ta kawo Nasir, wani yaro mai natsuwa da ke sayar da dabino a kasuwar Zahir, wanda iyayensa suka zo daga ƙasar Hausa ta Sudan. Dangi suka yi ta ƙananan maganganu, Abdulganiyyu ya tsawatar, ya tsaya tsayin daka har aka ɗaura. Abu ɗaya yake tsoro, kuma yana tsoronsa ƙwarai: kada aure ya ɗauke masa Arwa ya zama baƙo a gidanta. Shi kuma ma'auninsa ɗaya ne a duniya. Wanda ya ci abincinka ya zama naka, wanda ya ƙi ci kuwa akwai abin da yake riƙe da shi a zuciya.

Bayan biki Nasir ya zo gaisuwa da La'asar. Ya tuɓe takalmi a bakin shago, ya durƙusa har ƙasa a gaban masu cin abinci, Abdulganiyyu ya yi maza ya ɗaga shi yana cewa ai nan ba masallaci ba ne. Sannan ya zaɓi nakanik mafi kyau, ya yi masa aikin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya ajiye a gabansa, ya rungume hannu yana jira. Nasir ya yi godiya, ya sunkuyar da kai. Nama ya daina tururi, burodi ya fara sanyi, yaro bai miƙa hannu ba. Da aka matsa masa sai ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake. Ya nemi takarda ya naɗe, ya sake durƙusawa, ya tafi da abinsa.

To, kai da ka tashi a gida na san ka riga ka fara dariya, don ko yaro ya san mutumin kirki ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Gidan su Nasir sun riƙe wannan kunyar gam, hanyar Sudan ba ta zubar musu da ita ba. Amma Abdulganiyyu ɗan Makka ne, inda ake dafa baƙo a kafaɗa a rantse masa sai ya ƙara. Shi da nasa surukin a faranti ɗaya suka yi ta cin shinkafa suna rigimar ƙwallo. Ko a mafarki wannan dalilin bai zo masa ba, abin da ya gani kawai shi ne an raina masa abinci.

Nasir kuwa bai fasa zuwa duk Juma'a ba, Abdulganiyyu bai fasa gasawa ba. Ya ce ƙila yaji ne ya yi yawa, ya rage. An naɗe. Ya ce ƙila albasa ce, ya cire, abin da in wani ya roƙe shi sai sun yi faɗa. An naɗe. Ya bar na kaza ya koma na saniya. An naɗe, an yi godiya, an tafi. Abin ya tsaya masa a rai har ya fara ƙona na sauran mutane. Ya kira Arwa a waya, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya tambaya ko mijinta na fama da ciwon ciki. Ta yi dariya ta ce da Larabci ai Nasir ba abin da ba ya ci. Wannan amsar ta fi zagi ciwo. Girman kai ya hana shi ƙara tambaya, ita kuma ba ta zuwa shagon balle ta ga abin da ke faruwa. Sai ya zauna yana saƙa yadda ake jefa wa magen unguwa nakanik ɗinsa a bayan layi.

Ranar da abin ya kai shi bango ya yi abin da ko maƙiyinsa bai zata ba. Ya hau mota ya tafi wani kanti can nesa inda ba a san shi ba, ya sayi kwalbar kacab, ya ƙudundune ta a baƙar leda kamar kayan sata. Juma'a ta zo, ya ajiye nakanik a gaban Nasir, ya zaro kwalbar ya dangwarar kusa da shi ba tare da ya kalle ta ba. Mukhtaru ya leƙo daga shagonsa ya ce lalle tashin duniya ya kusa. Masu cin abinci suka daina tauna. Nasir ya kalli kwalbar, ya kalli ƙasa, ya ce Allah ya ƙara girma, ya miƙa hannu wajen takardar naɗi.

Nan Abdulganiyyu ya fashe.

"Ajiye takardar nan. Na ba ka 'yata, ka kasa cin lomata ɗaya? In ƙazanta ce abincina ka faɗa mini a gaban mutane. In ba za ka ci ba, tashi ka ba ni wuri, kar ka ƙara zuwa kana durƙusa mini na ƙarya."

Mai kunyar ci ai ba zai iya bayanin kunyar ba. Nasir ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita idonsa jawur. Juma'a ta zagayo bai zo ba, wata ma ta zagayo. Arwa ta rage kira, in ta kira gaisuwa ce a taƙaice, muryarta a dashe. Abin da dattijon yake tsoro ya same shi, kuma da hannunsa ya jawo. Kwalbar kacab na nan kan tebur inda ya bar ta, shi bai taɓa ta ba, ba kuma wanda ya isa ya taɓa.

Sai ya kwashi ƙafa ya tafi unguwar Shisha wurin yayarsa Ɗaso, tsohuwar da ta raine shi, wadda ita kaɗai ke iya gaya masa magana ya haɗiye. Ya kwashe labari ya faɗa mata yana huci, yana jiran ta taya shi faɗa. Ɗaso ta yi ta dariya har tana share hawaye da gefen mayafi.

"Kai Abdu, girman banza ka yi. A gaban suruki ake cin abinci? Ka manta Baba? In kakanmu na wajen uwa ya zo, ina yake kai kwanonsa?"

Sai abin ya dawo masa. Ya tuna ubansa, mutumin da ba ya tsoron kowa, yana lallaɓawa saman bene da kwano a hannu cikin zafin Makka. Shi duk zatonsa iska yake so.

Amma kar ka ɗauka ya sauko nan take, ba halinsa ba ne. Ya ce wace irin girmamawa ce wannan da ke sa nama ya huce? Wa ya ƙirƙiro ta, mutumin da bai taɓa tsayawa gaban murhu ba? Ɗaso ta ce ya je ya tambayi kabarin ubansa. In yana son yaron ya ci, ya kau da idonsa kawai. Ya ce in ya kau da ido me ya rage masa? Ta ce 'yarsa.

Ya aika aka kira Nasir. Yaron ya zo a ɗarare, ya durƙusa, wannan karon ba a ɗaga shi da sauri ba. Abdulganiyyu bai ba da haƙuri ba, bakinsa bai saba ba. Ya dai gasa nakanik irin na asali, yaji cikakke, albasa, lemon tsami, ya ajiye a teburin lungu. Sannan ya juya ya fuskanci bango, ya hau kankare wayar gashin nama da tuni take fes, ya ce da bangon shi yana da aiki, ba zai juyo ba sai ya gama.

Can sai ya ji motsin takarda, ya ji burodi ya yi ƙaras. Wayyo, wuyansa har ciwo yake don son juyawa. Ya ji ɗan tari, ya san yaji ya isa inda ake so, bai ga ko hawayen da ke zuwa da shi ba. Ya ci gaba da kankara yana ƙwafa, gumi na zuba masa.

"Baba," in ji Nasir a hankali daga bayansa, "duk wanda ka ba ni a mota nake cinyewa, ban taɓa zubar da ko ɗaya ba. Amma ban taɓa cin sa da zafi ba sai yau."

Abdulganiyyu ya ƙara dukufa kan wayar gashin. Sai da ya ji an sa takalmi an fita sannan ya juyo. Ba ko ɓurɓushi a takardar. Amma ga murfin kwalbar nan a buɗe, ga jan kacab shafe a gefen takarda. A kan yajin ubansa! Ya ɗaga kwalbar ya nufi kwandon shara, ya tsaya, ya ja dogon tsaki, ya rufe ta ya tura ƙarƙashin kanta.

Tana nan har yau, mutum ɗaya ake fito wa da ita. Arwa ta dawo kira kullum, har takan biyo mijinta ta tsaya a mota a miƙa mata nata. Duk Juma'a Abdulganiyyu na fuskantar bango yana kankare waya yana mita ƙasa-ƙasa, in Nasir ya tafi sai ya leƙa shagon Mukhtaru ya tambaye shi yadda fuskar yaron ta yi a lomar farko.