Jirgin Ƙasa a Rumfar Baba

Layin dogo bai taɓa biyowa ta Birnin Kudu ba, amma mu muna da jirgin ƙasarmu. A bayan gidan wani tsoho yake, cikin rumfar kwano da a da ake jibge buhunan gero. Tsohon ya yi tuƙin jirgi a Kano har ya yi ritaya, ya dawo gida da fansho da ciwon gwiwa, kowa kuma Baba yake ce masa. Shi ya shimfiɗa ɗan siririn dogon a kan tsofaffin ƙyamare da aka jera bisa bulo, ni kuma na zo na sa wa abin rai. Gyaran rediyo da fanka nake yi a bakin kasuwa. Injin wata tsohuwar rediyo mai kaset na cire na dasa a kan jirgin, na jawo wuta daga batirin babur, na mai da makunnin fanka abin ƙara gudu da ragewa. Taragun gwangwanayen kifi ne, na dakon mai kuwa na madara. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a san wanda ya sha wahalar abin.

Duk Asabar bayan la'asar muke haɗuwa, ni da wani malamin firamare da wani mai sayar da taki da duk wanda ya leƙo. A dafa shayi, a ɓare gyaɗa, a yi gardamar ƙwallo da ta damina. Da Baba ya busa usur kuwa hira ta ƙare. Ba ya son a ce wasa muke yi, wai aiki ne. Kano tana kusurwar yamma, sai Ringim, sai Gagarawa, Nguru kuma can jikin tagar gabas. Layin ɗaya ne tal, saboda haka jirgi ba ya tashi sai mai tasha ya ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi ya tambayi tasha ta gaba, an amsa masa cewa hanya a buɗe take. Gero na gaske muke lodawa da ƙaramin cokali. Idan jirgin kaya ya haɗu da na fasinja, sai ya raɓe a Gagarawa ya jira, ko da direban zai yi gyangyaɗi.

Akwai kuma wata doka da Baba ya kafa. Kafin jirgin fasinja ya tashi, sai ya cika murfin kwalbar lemo da ruwa ya ɗora a kan taragon ƙarshe, ya ce shayin fasinja ne. Direban da ya tsaya da ƙarfi har ruwan ya zube, to ranar ya gama tuƙi, sai ya koma gindin murhu ya riƙa fifita gawayi. Ni na ƙera jirgin, amma babu wanda ya kai ni fifita gawayi. Hannuna yana da gaggawa, na sani, sai dai ban damu ba, domin a lokacin duk wanda ya shigo rumfar ni Baba yake nuna masa, ya ce ga injiniyanmu.

Ni da kaina na kawo mutumin da ya ɓata min wannan jin daɗi. Direban bas ne, mutumin Gwaram, dogo mai sanyin magana. Ya kawo rediyon motarsa gyara, ya ga wani tarago a kan teburina, ya tambaya. Don in burge shi na ce ya biyo ni ranar Asabar. Ya zo ya zauna a kan buhu yana kallo, har Baba ya miƙa masa makunni don kada a ce ba a karrama baƙo ba. Na gyara zama ina jiran in ga ruwa ya zube. Mutumin nan ya tashi daga Kano a hankali, ya sake wa jirgin gudu a tsakiya, tun daga nesa ya fara rage shi, ya shiga Ringim kamar mai ajiye ƙwai a kwando. Ruwan ko motsi bai yi ba.

Da a nan ya tsaya da na haƙura. Sai ya ce ai yana yaro mahaifinsa ya sha tafiya da shi Nguru a jirgi, saro busasshen kifi. Baba ya ajiye usur, abin da bai taɓa yi ana tsakiyar aiki ba. Suka shiga tuna tashoshi, da matan da ke miƙo dafaffen ƙwai ta taga, da yadda benci ke ƙona cinya in rana ta take. Baba yana dariya har da share hawaye. Ni kuwa ban taɓa hawa jirgi ba. Sau ɗaya na gan shi a Kano ina kan babur, an tare mu yana wucewa. Na tsaya riƙe da tsinken waya a hannu, babu abin da zan tsoma a hirar.

Daga ranar abubuwa suka sauya, kuma ina lura da kowanne. Kujerar roba mai hannu ta zama tasa. Fura ta fara fitowa daga cikin gida, mu da ko ruwan randa sai mun tambaya. Baba, wanda ba ya jiran kowa, sai ya riƙa jan hira yana leƙen ƙofa idan basar Gwaram ta makara. Kishi nake yi, ba wani suna da zan ba shi. Ni da ke da iyali da furfura a gemu, ina kishin direban bas a kan gwangwanin kifi. Maiɗakina ta gane tun kafin in faɗa, ta ce Asabar ɗin da take dawo mata da ni ina murmushi yanzu tana dawo da ni kamar wanda aka kwashe wa kaya a kasuwa.

Na shiga ƙoƙarin ƙwato matsayina ta hanyar da na iya. Na sa wa kan jirgi fitila daga tsohuwar tocila. Na yi dabarar hayaƙi da guntun maganin sauro. Baba ya duba ya ce ya yi kyau, ya juya ya ci gaba da tambayar mutumin Gwaram ko ya tuna wata gada. Da na ga haka sai na koma kan tuƙin. Nakan roƙi mabuɗi in shiga rumfar da safe kafin in buɗe shago, in cika murfi, in yi ta kai da kawowa ni kaɗai. Na jiƙa katakon Ringim har ya kumbura. A hankali hannuna ya yi sanyi, na daina zubarwa, amma lokacin idon Baba ya riga ya yi rauni, ba ya ma ganin murfin sai an faɗa masa.

Saboda idon ne ɗansa ya ce zai ɗauke shi ya koma da shi Kano. Kowa ya san za a bar wa wani usur da mabuɗin rumfa, ni kuma barci ya ƙaurace min. Ba rumfar ce ta dame ni ba. So nake Baba ya zaɓe ni a gaban mutumin nan. Asabar ɗin ƙarshe ya kira ni ya danƙa min su.

Ya ce, “Kai ne a gari, kuma in ya lalace kai ka san cikinsa.”

Na karɓa na yi godiya. Na saci kallon mutumin Gwaram ko zan ga ya ɓata fuska, sai na ga ya miƙo min hannu yana murna har zuciyarsa, abin da ya ƙara ba ni haushi. Shi ya kwashe kayan Baba a basarsa ya kai Kano, Baba a gidan gaba.

Muka ci gaba da haɗuwa, ni nake busa usur. Na kira Baba a waya a makonnin farko, mu gaisa, ya tambayi iyali, shi ke nan. Wata Asabar ina tuƙa jirgin fasinja, na baro Gagarawa, sai wayar mutumin Gwaram ta yi ƙara. Baba ne, ashe kusan kullum sai sun yi magana. Ya ce a sa masa ya ji jirgin. Mutumin ya buɗe muryar wayar, ya kara ta kusa da dogo. Kowa ya yi tsit. Na riƙe makunnin nan, na fara ragewa tun daga nesa, taragu suna lafawa ɗaya bayan ɗaya, na shiga Nguru na tsaya. Ban taɓa yin tsayuwa mai kyau irin wannan ba, kuma na san ya ji.

Muryar Baba ta fito daga wayar. “Haka ake shiga tasha. Hannunka yana nan, ɗana.”

Mutumin Gwaram ya yi saurin cewa, “Baba, ba ni ba ne. Injiniya ne ke tuƙi.”

Na matso kusa da wayar, har na buɗe baki zan gaishe shi.

“To, madalla,” in ji Baba. “Ka gaishe shi. Yaushe za ka shigo Kano?”