Tsohon da Marliya ta ture da mota

Wata rana da safe, ranar makaranta, Hajiya Marliya ta fito daga gidanta da ke Samaru a Zariya, ta riga ta makara.

'Ya'yanta mata biyu suna kujerar baya. Hanifa, 'yar aji uku, tana ƙarasa cin ƙosai a takarda. Ƙanwarta Ummita, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba, barcinta take yi da jaka a goye.

Marliya ba muguwar mace ba ce. Ka tambayi maƙwabtanta za su gaya maka. Tana da gaisuwa, tana da zumunci, ba a ciwo a layinsu ba ta leƙa ba.

Amma da zarar ta riƙe sitiyari, sai ta koma wata mace daban.

A wurinta titi na masu mota ne. Mai keke kuwa alfarma ake yi masa.

Ba ta yi nisa ba ta iso inda ruwan sama ya cinye gefen kwalta, hanya ta tsuke. A gabanta ga wani dattijo a kan keke. Ya ɗauro buhun alayyahu a baya, ya ɗora kwandon tumatir a kan buhun, yana tafe a hankali yana kauce wa ramuka.

Ta danna hon.

Ya ɗaga hannu ɗaya, alamar ta ɗan yi haƙuri ya wuce ramin.

Ta sake dannawa, wannan karon ba ta ɗauke hannu ba.

"Su dai mutanen nan ba su san ana sauri ba," ta ce.

Ta kutsa.

Madubin motar ya daki hannun keken. Keke ya yi tangal-tangal ya kife. Dattijon ya faɗi a gefen kwalta, fuskarsa a ƙasa, tumatir ya watse har tsakiyar titi.

"Umma, kin ka da baban nan," in ji Hanifa.

"Shi ya faɗi da kansa. Ci ƙosanki."

 Ta ɗan rage gudu. Sai ta tuna yadda mutane ke taruwa a kan mai mota idan irin wannan ta faru, ga ta mace ita kaɗai da yara. Ta ce a ranta ai ba wani bugu ba ne, zai tashi.

Ta taka mota.

Da ta leƙa madubi, ya kuwa tashi.



Amma bai tsaya tsintar tumatir ba. Bai dubi buhun alayyahun ba. Ya fizge igiyar da ya ɗaure kayan da ita, ya yar da su nan a ƙasa, ya haye keken.

Ya biyo ta.

Dattijo mai farin gemu, riga duk taɓo, jini na zuba daga goshinsa, yana taka feda kamar saurayi. Hannu ɗaya ya riƙe keken, ɗayan yana rataye a jikinsa. Bakinsa a buɗe, yana ƙwala wata magana da ba ta ji, don gilasanta a rufe suke, ga rediyo.

Ta ƙara gudu.

Wani ɗan acaɓa ya zo daidai da ita yana nuna motar, yana ihu, "Hajiya, tsaya."

Wata mai sayar da masara a bakin titi ta miƙe ta ɗora hannu a ka.

Marliya ta ce shi ke nan, an gan ta, yau sai abin da Allah ya yi. Ta miƙa hannu ta danna maɓallin da ke kulle ƙofofi gaba ɗaya. Ta ji sun ce ƙas.

"Kada wadda ta taɓa ƙofa," ta gaya wa yaran. "Ko waye ya buga, kada ku kula shi."

Da ta doshi Kwangila, sai ga cunkoso. Tirela a gaba, bas a gefe, masu adaidaita sun cike duk wata kafa.

Ba gaba, ba baya.

Ta zuba wa madubi ido tana kallonsa yana matsowa, yana ratsa tsakanin motoci, har ya iso. Ya saki keken ya faɗi a titi. Ya shiga dukan gilashinta da tafin hannu.

Ta kau da kai.

Ya ci gaba da duka.

Tsoro ya koma fushi. Ta sauke gilashin kaɗan, iya yadda murya za ta fita.

"Baba, me kake so? In asibiti ne zan kai ka, amma kada ka tara min jama'a."

Yana haki, da ƙyar maganar ta fito.

"'Yata, fito da yaran nan. Motarki wuta take ci."

Sai a lokacin ta ji warin.

Sai a lokacin ta ga hayaƙi yana tasowa ta gefen tayar baya, daidai inda Ummita ke barci. Duk tsawon hanyar nan iska ce ke kora shi baya. Yanzu da motar ta tsaya, ya samu wurin tashi.

Ta danna maɓallin buɗe ƙofofi.

Shiru.

Ta sake dannawa. Ta sake. Wuta ta riga ta taɓa wayoyin.

Ta finciki hannun ƙofarta, tata ta buɗe. Ta faɗo waje ta kama ƙofar baya tana ja. A kulle. Hanifa na ja daga ciki tana kuka, amma ƙofofin baya an sa musu makullin nan na yara, ba sa buɗuwa ta ciki.

Da hannunta ta kulle 'ya'yanta a cikin wuta, don gudun mutumin da ya zo ceton su.

Marliya ta tsaya tana salati. Direbobin da ke kusa kowa ya fita ya ja baya, ana cewa tanki zai fashe.

Dattijon bai ja baya ba.

Ya kwance sarƙar da yake ɗaure kekensa da ita, mai ƙaton kwaɗo a baki. Ya yi wa Hanifa alama ta sunkuya ta rufe fuska. Ya ɗaga da hannunsa mai lafiya ya maka wa gilashin. Bai fashe ba. Ya sake makawa, ya tarwatse.

Ya zura jikinsa ta tagar, ya jawo Hanifa ya miƙa wa ɗan acaɓar nan da ya biyo su. Ya koma, rabin jikinsa a cikin hayaƙi, ya lalubo igiyar jakar Ummita ya jawo ta da ita.

Suka ruga.

Ba su gama tsallake titi ba wutar ta kama kujerar baya.

Direban tirelar ya zo da abin kashe gobara, wasu suka kawo ƙasa a bokiti. Ba abin da ya yi amfani. Motar ta ƙone ƙurmus a idon kowa. Daga baya makaniki ya ce bututun mai ne ya tsage, fetur yana ɗiga a kan salansa mai zafi.

Marliya na zaune a ƙasa a bakin wani shago, ta rungume 'ya'yanta, tana shafa kansu ɗaya bayan ɗaya kamar ba ta yarda suna nan ba.

Can ta ɗaga kai.

Dattijon na zaune a kan dakali, ya jingina da bango, ya tallafe hannunsa na hagu. Wuyan hannun ya kumbura, ya karkace. Tun faɗuwar nan ya karye. Da karyayyen hannu ya yi duk wannan tseren.

Ta rarrafa ta durƙusa a gabansa. Ta buɗe baki don ta nemi gafara. Abin da ya fito shi ne tambaya.

"Baba, yaya aka yi ka gani?"

"Da na faɗi, fuskata a ƙasa take. Sai na hango ƙarƙashin motar, mai na zuba, wuta ta fara kamawa."

"Ni ce fa na ture ka. Na gan ka a ƙasa na wuce. Me ya sa ka biyo ni?"

Ya dube ta, ya dubi yaran.

"Ke kika ture ni, 'yata. Su ba su ture ni ba."



Sunansa Malam Sallau. Daga wani ƙauye a bayan Shika yake kawo kayan lambu kasuwar Sabon Gari, shekara da shekaru a kan keken nan. A adaidaita aka kai shi asibiti, Marliya na zaune a gefensa tana riƙe masa hannun don kada ramuka su girgiza shi.

An ɗaura hannun, ya warke, amma bai koma daidai ba. Yatsunsa biyu sun sandare, ba sa iya matse birki. Likita ya ce hawan keke da kaya ya ƙare masa.

Marliya da mijinta sun tsaya masa, har suka kafa masa rumfar kayan miya a ƙofar gidansa. Ya yi godiya. Ya ce ya yafe tun ranar.

Amma duk lokacin da ta je gaishe shi, ta miƙa masa abu, da hannun dama kaɗai yake karɓa. Na hagun yana kan cinyarsa.

Ita kuwa ba ta iya kallon hannun.

Darasi:

Mai keken da ke gabanka ba shi da ƙarfe a kewaye da shi. Abin da kake kira ɗan gogawa, a jikinsa karaya ce. Idan ya ɗaga maka hannu, ka rage gudu ka bar masa fili ya wuce. Idan tsautsayi ya sa ka taɓa shi, ka tsaya ka duba shi.

Ku ma masu keke, ku riƙe gefenku, ku ba da alama kafin ku karya kwana.

Kuma ba duk wanda ya biyo ka yana ɗaga murya ne ya zo ramuwa ba. Ka saurara kafin ka kulle ƙofa.

In kana da direba a gida, ko kai ne direban, tura wannan zuwa wayarsa kafin ya sake ɗaukar makulli.