Ɗakin da Aka Daina Yaɓewa

Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa haɗe da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, sai in tuna ɗakin kakata a ƙauyenmu, kusa da Kajiji. Tsohuwa ce mai tsaftar tsiya. Ko ƙuda ya sauka a bangonta sai ta bi shi da harara. A ɗakin nan nake kwana, ni da ƙanwata da aka yaye aka ba ta.

Wata shekara, gab da damina, masu feshin maganin sauro suka zo da tankuna a baya. Suka sa aka fitar da kaya, suka feshe bangon kowane ɗaki, suka ce maganin zai zauna a jikin ƙasa, duk sauron da ya sauka ya mutu. Sun ce kada a wanke bango. Ba wanda ya yi zancen yaɓe.

Feshin ya bar zane-zane da wari, ga Sallah ta matso. Kakata ta ce ba za a shigo mata gaisuwa a tarar da ɗakinta haka ba. Ni na ɗebo ƙasar, ni na kwaɓa, ita ta shafe bangon tas. Maƙwabta suka yi ta yabawa, ni kuwa sai fankama nake, kamar ni na gina ɗakin.

Da ruwa ya zauna, masassara ta kama ƙanwata. Aka kai ta asibiti a Bodinga bisa babur, aka dawo da magani, ta ɗan farfaɗo, ta sake kwantawa.

A kwanakin ne masu feshin suka dawo da hantsi. Suka shimfiɗa farin ƙyalle a kowane ɗaki, suka fesa, suka tsince sauron da ya faɗo. A ɗakin mahaifiyata da ƙyar suka samu kaɗan. A namu ƙyallen ya yi baƙi, cikkunansu jajur da jini. Babbansu ya ce za su duba su a madubin asibiti, don ba kowane sauro ke da cutar ba, sai wanda shi ma ya kamu. Ya shafa bangon, ya dubi tafin hannunsa, ya kau da kai saboda girman kakata.

Ita ce ta yi magana. "Ɗana, ba sai ka hwaɗi ba. Ni na ruhe maganin da hannuna."

Ƙanwata ta rasu kafin gero ya fitar da kai. Mahaifina ya ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Amma kakata ba ta sake yaɓe ba. Sallah ta yi ta zuwa tana wucewa, bangon yana zuba, masu gaisuwa suna cewa tsufa ne.

Yanzu siminti ne ko'ina, ga gidan sauro a kan kowane gado. Jikokina suna yi mini dariya don nakan bi ɗaki-ɗaki ina duba ko sun cusa gefensa. Ban taɓa gaya musu ba. Duk shekarun da kakata ta yi tana ɗauke da abin, ko sau ɗaya ba ta ce ni na ɗebo ƙasar ba.