Takardar Yaya Tukur da Ban Kai Ba

Ina ɗaure igiyar takalmi zan fita aiki yau da safe, sai ga waya daga Birmingham. Yaya Tukur ya rasu bayan sallar asuba. Zuciya ce.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yawancinku kun san shi a matsayin dattijon da ke jera kujeru a taronmu. Ni na san shi tun ina ɗan shekara sha bakwai, ranar da aka ɗauke ni masinja a zauren majalisar dokokin jiharmu, inda shi ma yake masinja. Shekara biyu kacal ya ba ni, amma in yana ba ni umarni sai ka rantse shi ne Kakakin.

Aikinmu tsayuwa ne. Hannu a baya, ido a kan 'yan majalisa, babu jingina da bango. Wanda ya ɗaga takarda a ninke, ka je a sunkuye ka karɓa, ka kai wa wanda aka rubuta sunansa. Kuma ba a giftawa tsakanin Kakaki da mai magana. Ni kuwa ranar farko na gifta, har da tiren ruwa a hannu. Zaure ya kwashe da dariya.

Yaya Tukur ne ya je ya roƙi akawun majalisa kada a kore ni. Ya dawo ya murɗe min kunne, sannan ya saya min ƙosai.

Ya ce, "Ƙane, takarda amana ce. Ba ka buɗewa, ba ka ajiyewa a tebur, ba ka juyawa sai ta shiga hannun mai ita."

Bayan shekaru Allah ya sake haɗa mu a ƙasar nan, ni a Manchester, shi a Birmingham. Ya daɗe yana kula da wata cibiyar tsofaffi ta ƙaramar hukuma, har tsuke bakin aljihun gwamnati ya sa aka rufe ta. Ya koma aikin da sai an kira ka. Ban taɓa jin ƙorafinsa ba.

Ganinmu na ƙarshe wata huɗu ke nan, a ɗan flat ɗinsa na Perry Barr. Ya haɗa min shayi mai citta, ya yi ta tsokanata da tumbi. Da zan tafi ya ciro takarda a ambulan, ya ce in kai wa ɗansa. Ɗansa Khalid yana Longsight, layi uku daga gidana. Shekara uku ba sa magana, tun da yaron ya bar jami'a uban ya gaya masa mai zafi. Khalid ya toshe lambarsa.

Na ce, "Yaya, ka sa a post mana."

Ya ce, "Post ba ya tsayawa a ƙofa ya jira a karɓa. Kai na koya wa aiki."

Na sa ta a aljihun mota. Sau ɗaya na je ban sami Khalid ba. Daga nan sai gobe, sai weekend. An rage ma'aikata a ofishinmu, aiki ya yi min yawa, wannan gaskiya ne. Amma ƙwallo ban taɓa fasa kallo ba. Maganar Allah, tsoro nake yaron ya wulaƙanta ni a ƙofar gida.

Yaya Tukur bai taɓa tambayata ko na kai ba. A wurinsa wannan ba abin tambaya ba ne. Ya tafi yana zaton ɗansa ya karanta ya yi banza da shi.

Yau na kai. Khalid ya riga ya ji rasuwar, idonsa jajir. Ya karanta a tsaye a bakin ƙofa, ni ma ina tsaye. Ban san abin da ke ciki ba.

Ya ɗago ya ce, "Baffa, yaushe ya ba ka wannan?"

Na gaya masa.

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ninke takardar ya ce, "Da na je. Wallahi da na je."

Kunya ta hana ni kallon yaron nan. Na rubuta wannan ne don duk wanda ya taɓa cewa Khalid taurin kai gare shi ya san laifin waye.

Allah ya jiƙan Yaya Tukur, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Don Allah wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ya roƙa wa Khalid haƙuri. In da saura ku sa ni, domin wanda zan nemi yafiyarsa gobe bayan azahar za mu sa shi a ƙasa.