Yaya Habu da Motar Kwashe

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar Yaya Habu, mijin yayata Rabi, amma har gobe in na ga mai keke ya wuce dattijo ko hannu bai ɗaga masa ba, sai fuskar Yaya Habu ta faɗo mini a rai, a murtuke. Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai haƙuri da kusan komai, ban da rashin gaisuwa.

A wani asibiti a Camberwell yake aikin ɗaukar hoton ƙashi, gidansu kuma yana Thamesmead, a hawa na huɗu. Ni karatu ya kai ni Landan a ƙarshen shekarun 1980, na tare musu a ƙaramin ɗaki. Na tarar da kekensa na tsere a falo yake kwana, jingine tsakanin talabijin da kabad ɗin kwanukan Yaya Rabi. Kullum sai baƙin mai ya ɗiga a kafet, kullum kuma sai an yi magana. Shi hujjarsa ɗaya: a waje ruwa zai ci shi, ɓarayi su ƙarasa.

Wata Juma'a muka dawo daga masallacin Regent's Park, ya zauna ya sanar da mu cewa ya yi booking ɗin yawon keke na mako guda a duwatsun Alps na Faransa. Ayari ne da jagora, kullum a haye ƙaton dutse a gangara, a kwana a ƙauyen gaba. A bayan ayarin akwai mota mai ɗaukar kaya, ita ce kuma ke kwashe duk wanda ya gaza. Mutumin da tsauni mafi tsawo da ya taɓa hawa shi ne Goron Dutse, shi ma a ƙafa!

Yaya Rabi ba ta yi gardama ba. Ta ce, “Alhaji, mu yi sharaɗi. In ka gama ba ka shiga motar nan ba, ba zan ƙara complain a kan keken nan ba har abada. In ka shiga ko sau ɗaya ne, baranda zai koma.” Ya amince nan take. Don kada a dawo mata da labarin ƙanzon kurege, ta sa aka yi mini booking ni ma, in zama shaida. Tun a hawan farko na miƙa wuya na shige motar, na yi zamana kusa da taga. Aikin shaida ai sai da natsuwa.

Ƙarfi kam Yaya yana da shi. Matsalar daga tarbiyya ta zo. A Kanon da ya tashi, yaro ba ya wuce babba a kan keke. Sai ya sauka, ya russuna, ya gaishe shi. Ƙauyukan duwatsun nan kuwa matasa duk sun tafi birni, tsofaffi ne zaune a kowace ƙofa. Sai in hango Yaya, da guntuwar taguwa a kan matsattsen wandon keke don ya ce ba zai yi yawo tsirara ba, ya ja birki a tsakiyar hawa, ya dira, ya gaida wata gyatuma da Faransancin da bai wuce kalma biyu ba. Wanda ya san hawan dutse ya san in ka tsaya, tashi sai an tura ka. Jagora ya roƙe shi, ya yi masa bayanin numfashi da ƙafa, Yaya ya saurara da ladabi, a kwanar gaba ya sake sauka. Kullum shi ne na ƙarshe, motarmu na bin sa a hankali kamar ana rakiyar amarya, amma bai shiga ba.

A ayarin akwai wani tsohon Bature, Mista Albert, ya haura saba'in, wanda ya ce tun yana saurayi yake burin haye dutsen da aka ajiye mana a ranar ƙarshe. Ranar, ana cikin hawa, ƙafafunsa suka ƙi. Ya sauka yana tura keke yana haki. Yaya ya iske shi, da ƙarfinsa har da saura, ƙololuwa kuma ga ta can ana hangowa. Ya sauka. Ya karɓi keken tsohon ya haɗa da nasa yana turawa.

Hadari ya taso, sanyi ya sauko, jagora ya ce tsohon dole ya shiga mota, leɓɓansa sun fara canja launi. Tsoho ya kafe, ya ce shi ba za a kai shi sama kamar jakar kaya ana kallonsa ba. Na ga Yaya ya dubi ƙololuwar, ya dube ni, sannan ya dafe cinya ya fara ɗingishin da ban taɓa ganin mai muninsa ba. Ya ce wa tsohon ƙafarsa ta riƙe, zai shiga mota, amma kunya yake ji shi kaɗai, ko zai taimaka ya raka shi? Tsohon ya shiga, har yana dafa kafaɗar Yaya yana ba shi baki.

Na raɗa wa Yaya cewa ni fa barci nake yi, ban ga komai ba. Ya ce, “Kai, tafi can. Na shiga ko ban shiga ba?”

Da muka dawo, kafin ya cire takalmi ya tura keken baranda da hannunsa. Yaya Rabi ta yi guɗa, ta wanke kafet. Daga baya na ba ta labarin yadda aka yi, ta ce sharaɗi sharaɗi ne. Shi ma bai taɓa neman sassauci ba. Ya saya wa keken tamfol, kullum da safe ya leƙa ya duba shi kamar mai jinya.

Yau nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga kekunan zamani masu batir, waɗanda ke haye tudu mai su na zaune kamar a kujera, ko samarin kai abinci da ke keta mutane kunnuwa a toshe. Batirin ina jin zai yafe, har ma ya ce da an samo wa Mista Albert. Toshe kunnen ne ba zai yafe ba. Ni kaina da na tsufa, aka fara wuce ni ba sallama, na gane abin da muke yi wa dariya daga tagar mota, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Bai bar gida ko fili ba, dutsen ma bai ƙarasa hawansa ba. Amma ranar sadakar bakwai, da baƙi suka watse, na ga Yaya Rabi ta fita baranda ita kaɗai, ta yaye tamfol, ta turo keken ciki. Ta jingine shi tsakanin talabijin da kabad ɗin kwanuka. Ta sauya gida sau biyu tun daga lokacin, yana nan a falonta, jikoki ma ba a barin su taɓa shi.