Baba Kunne, Mai Jin Kukan Sarƙa

Kada ku ce ba ku gan shi ba. Kun gani, kai kuka kawar. Ku da kuke fitowa kowace Asabar da sassafe cikin matsattsun riguna masu sheƙi, bisa kekunan tsere marasa nauyi kamar kara, sau nawa kuka tsaya a ƙofar shagon nan na bayan gidan mai, ƙafa ɗaya a ƙasa, kuka ce, "Baba, ɗan taɓa min," ya taɓa, kuka yi gaba ko waiwaye babu? Shekara talatin da huɗu yana taɓa muku. Yanzu hannuwansa sun fara rawa, likita ya ce jijiya ce, 'yarsa kuma ta kafe sai ya huta. Ƙarshen watan gobe zai rufe shagon. A cikinku kaf, in ban da mutum ɗaya da ya fara kwanan nan, babu wanda ya taɓa zama ya koyi abin da ke cikin kansa. Ranar da ya ja ƙofar nan, da iliminsa zai tafi gida.

Baba Kunne ake ce masa, kuma ba don girman kunne ba. Kafin ƙarfe bakwai ya buɗe, ya share, ya jera sifanu a kan tsumma daga ƙarama zuwa babba. In aka kawo keke mai matsalar giya, ba ya tambayar sunan kamfani. Sai ya rataye shi da igiya biyu da ke reto daga rufi, ya leƙa ya roƙi mai walda na kusa ya ɗan dakata, ya kama feda yana juyawa da hannu, ya rufe ido, ya kai kunnensa kusa da tayar baya. Ya ce in sarƙa tana tsik-tsik, so take ta hau babban haƙori an hana ta. In tana kar-kar, sauka take so. Sai ya murɗa wani ɗan noti kwatan zagaye, kukan ya ɗauke ɗif.

A kan bencin ƙofar shagon nan ne kuka shafe shekara biyar kuna yaƙi. Ɓangare ɗaya 'yan Shaho, masu giyar lantarki ta kamfanin da ke da tambarin shaho: ka danna maɓalli da yatsa, batir ya tura sarƙa. Ɗaya ɓangaren 'yan Damisa, waɗanda suka riƙe giyar waya ta kamfani mai tambarin damisa, wadda hannu ke ja. Jagoran 'yan Shaho shi ne Dogo, malamin lissafi a sakandare. Na 'yan Damisa kuwa Lauya ne, wanda bakinsa ya fi ƙafafunsa gudu.

"Keken da sai an sa shi a caji," in ji Lauya, "wannan keke ne ko tocila?"

"Kai dai ci gaba da jan igiya kamar mai ɗiban ruwa a rijiya," Dogo zai ce. "Mu mun shiga zamani."

"Zamanin da ke jiran a kawo wuta?"

"Baba, don Allah raba mu. Wace ta fi?"

Baba ko ido ba ya buɗewa. "Ku ɗan yi min shiru, 'ya'yan nan. Ba na jin keken."

Kun ɗauka tsufa ne ya hana shi fahimta. Ba ku san cewa lokacin da giyar lantarki ta shigo, ya sa 'yarsa ta karanta masa littafin bayaninta sau biyu ba, tana fassarawa yana gyaɗa kai. Bai taɓa kushe ta ba. Ya ce aba ce mai kyau, tana shiga sumul, amma ita ma a kan haƙori take ajiye sarƙa, kuma sarƙa ba ta iya karatu ba, balle ta karanta tambari. Mu da muka yi boko muna iya faɗin nauyin kowace kusa daga salula, amma a ba mu filaya mu rasa ta ina ake riƙewa. Wannan ba ci gaba ba ne, lalaci ne ya sa riga mai sheƙi.

Abin da ya faru watan jiya mutum fiye da ashirin sun gani da idonsu. Tseren zaɓe ne, kilomita ɗari da ashirin cikin tuddai, kuma biyar na farko za a ɗauka cikin tawagar da za ta je babbar gasa. Dogo ya yi shekara uku yana shiri. Shekarunsa talatin da shida, ya kuma yi wa matarsa alkawari wannan ne gwaji na ƙarshe. Ya cika batir taf, don haka ya bar caja a gida. Ya kwantar da keken a bayan mota, ya ɗora jakar kaya a kai. Tafiyar awa biyar jakar nan tana danne da maɓallin giya, giyar tana ta aiki ita kaɗai ba wanda ya sani.

Saura minti arba'in a tashi, ya hau don ɗumama jiki, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Batir ya ƙare, sarƙa ta maƙale a ƙaramin haƙori, mafi nauyi, wanda ko tudun farko ba zai hau da shi ba. Ya zagaya wajen 'yan'uwansa na Shaho, kowa ya ce shi ma a gida ya bar caja.

Lauya ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga fuskar Dogo, ya haɗiye.

Baba Kunne yana zaune a gindin wata bishiya bisa akwatin kayan aikinsa. Kowace shekara yana bin motar ƙungiyarmu ta masu keke zuwa tsere, ko da yake ba a taɓa rubuta sunansa a takardar tafiya ba. Ya tashi ya zo, ya duba keken, ya juya wajen Lauya.

"Kai, tsakaninka da Allah, tseren nan za ka ci?"

"Baba, ni ai rakiya na zo."

"To ciro min ɗan dakonka." Haka yake kiran ƙarfen nan na baya da ke ɗaukar sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan.

"Na Damisa a jikin Shaho? Baba, ai ba sa jituwa. Kamfani ma ya faɗa."

"Kai da shi ne ba kwa jituwa. Ciro."

Daga can ƙasan akwati ya zaro wani tsohon hannun giya da ya girmi Dogo, ɗan ƙarfe kamar cokali. Irin na da ne, ba ya ƙas-ƙas, ba shi da matakala, duk inda ka tsayar da shi nan yake tsayawa. Saboda haka babu ruwansa da yawan haƙora ko sunan wanda ya ƙera su. Lauya ya durƙusa a ƙasa da farin wandonsa, ya kwance ƙarfen kekensa, suka raba sarƙa suka sake zura ta. Saura a zura wayar giya cikin ramin hannun, rami kamar kafar allura.

Baba ya kai bakin waya, hannu ya kauce. Ya sake, ya kauce. A karo na uku bakin wayar ya tarwatse kamar tsintsiya. Mutanen da suka shekara suna kawo masa keke, ranar suka fara kallon hannuwansa. Ya daɗe yana duban su shi ma. Sannan ya datse bakin wayar, ya miƙa wa Dogo.

"Ɗana, ara min hannunka."

"Baba, ni ban taɓa..."

"Na sani. Tsuguna. Zura nan. Ja har ka ji ta tsaya. Lauya, bi ta da salatif a jikin ƙarfe har baya, kada ka bar ta tana lilo."

Ya ce Lauya ya ɗaga tayar baya, Dogo ya juya feda, shi kuma ya rufe ido ya sunkuya.

"Ka ji? Hawa take so. Murɗa notin nan kwata. Kwata na ce, ba rabi ba! Kai ba lissafi kake koyarwa ba?"

Mutane suka fashe da dariya, har Dogo, da gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya mayar kaɗan. Kukan ya ɗauke.

"Babu lamba a nan," Baba ya ce masa. "Ja a hankali, ka saurara. In ta yi shiru, ta zauna. Tafi."

Saura minti huɗu Dogo ya shiga layi, da keke rabi Shaho rabi Damisa, naɗe da salatif kamar mai karaya. Ba zan yi muku ƙarin gishiri ba: na shida ya zo, biyar ake ɗauka. Da ya sauko, Lauya ya tare shi da ruwa, yana shirin ba shi haƙuri. Dogo ya ce, "Giyar ba ta ci amanata ba ko sau ɗaya. Ƙafafuna ne suka ƙare." Ya ce a tudu na uku ya fara jin abin da Baba ke ji, kuma shekara goma yana hawan keke bai taɓa sauraron nasa ba.

Ran Litinin da aka tashi daga makaranta Dogo ya bayyana a shago da tsohuwar riga a leda. Baba ya ɗauka gyara ya kawo.

"Ina keken?"

"Ban zo da shi ba, Baba. Ni na zo."

Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya tura masa kwanon kananzir da wata baƙar sarƙa. "Fara da wanki. Wanda bai wanke ta ba, ba ta yi masa magana."

Baba, kai ne ka riƙe mu a kan hanya muna tsammanin ƙarfinmu ne. Kai ne ka zauna a tsakiyar gardamar da ba ta ƙara wa kowa gudu ba, ba ka ɗauki ɓangare ba, ba ka raina kowa ba. Ranar da hannu ya ƙi ka a gaban jama'a, ba ka ɓoye shi a aljihu ba, ka nemi aro, ka gama aikin. Maganin kukan ƙarfe, mun gode. Allah ya ba hannuwan nan sauƙi, ya saka maka da abin da mu muka kasa.

Ku kuma, godiyar baki ba za ta gyara giyar kowa ba. Dogo mutum ɗaya ne, yana da aji biyar da iyali, yamma biyu kawai yake samu a mako. 'Yar Baba ta yarda da sharaɗi guda: zai iya zama a kujera ya koyar, muddin wasu ne za su riƙe ƙarfe. In an samu mutum huɗu masu zuwa da gaske, shagon ba zai rufe ba. Mu sittin ne a ƙungiyar nan. Ranar Asabar in an dawo daga hawa, kada kowa ya zauna a benci. Ku jingine kekunan a waje, Shaho da Damisa duka, ku cire safar hannu, ku shiga ciki ku tsuguna.