Haji Tufail da Dangwalen Maƙera

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairun 2025, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Haji Tufail Hussain Dar, mai kula da ɗakin takardun masana'antarmu ta kayan tiyata a nan Sialkot, ƙasar Pakistan. Shekararsa saba'in da ɗaya. Jinyar kwana biyu ya yi, ciwon zuciya.

Haji, ni ba mutumin rubutu ba ne, ka fi kowa sani. Daga aji goma na bar makaranta na shiga wasa almakashi a rumfar wani. Da hannuna na gina wurin nan da yau gida ɗari uku ke ci daga gare shi, ban ci gadon ko guduma ba, ban roƙi kowa ba. Duk garin nan "Mian Sahib" ake ce mini, wato maigida. Kai kaɗai ka ci gaba da kirana Sabir, kuma kai kaɗai ka isa ka ce mini a'a in haɗiye.

Shekara ashirin da huɗu ka riƙe katunanmu. Kowane tarin almakashi ko hantsaki da ya fita yana da katinsa. A gaba ake rubuta irin ƙarfen da lambar aikin. A baya kuwa, can kusurwa, maƙerin da ya ƙera da wanda ya wasa sukan dangwala babban yatsa da tawada, kai kuma ka rubuta sunansu a ƙasa da ɗan siririn rubutunka, domin yawancin dattawanmu ba sa sa hannu. Kai ka dage aka ɗauki hoton katunan gaba da baya aka zuba a na'urar ajiya, ina ta mita cewa ɓata lokaci ne. Da ambaliyar 2014 ta shiga ɗakin ƙasa ta mai da takardun kunu, hotunan nan kaɗai suka rage mana, na daina mita.

Ban manta da shekarar da masu saye daga Jamus suka dawo mana da almakashi masu tsatsa ba. Na tara mutane a tsakar masana'anta na kori Ustad Rehmat, tsohon mai wasa ƙarfe, ban ko saurare shi ba. Ba ka yi mini gardama a gaban jama'a ba. Ka bari na shiga ofis, ka biyo ni da hoton bayan katin ka ajiye kusa da kofin shayina. Yatsan mijin ƙanwata ne, ba na Rehmat ba. Ka ce, "Sabir, ka je gidan Rehmat da ƙafarka, kada ka aika direba." Na je. A rayuwata wannan ne karon farko da na ba talaka haƙuri a ƙofar gidansa, kuma Rehmat yana nan a bakin aikinsa har yau.

A bara tsohuwar na'urar ta fara gajiya, ɗaya daga cikin faifan ajiyarta biyu ya mutu. Na sayi sabuwa ƙatuwa, na ɗauko Injiniya Rubab daga Lahore ta kwashe komai ta mayar can. Cikin mako uku ta gama. Na sa ranar kashe tsohuwar, na gayyaci abokan sana'a, na sa a yi jalebi, alkakin ƙasarmu, kilo ashirin, don ina so Sialkot ta ga yaron rumfa ya kai inda ya kai.

Da safiyar ranar na tarar ka ja kujerarka ka tare ƙofar ɗakin na'urori, mayafin ulu a kafaɗa.

Na ce, "Haji, baƙi na hanya."

Ka ce, "Su ci jalebinka su tafi. Wannan tsohuwar ba a binne ta da rai."

Rubab ta ce, "Baba, na gwada, kowane fayil ya ƙetare. Na'ura ba ta ƙarya."

Ka ce, "'Yata, ba ta ƙarya, amma ba ta taɓa juya kati ba. Buɗe mini bayan wannan."

Ta buɗe, ba komai. Ashe don a rage cunkoso an umarci sabuwar ta zubar da shafukan da ba rubutu. Bayan katinmu kuwa fari ne fes, sai ɗan dangwalen da ya koɗe a kusurwa da siririn sunan da ke ƙasansa. Ta ɗauke su a matsayin fanko ta watsar, dubu a kan dubu. Da na zare wayar wutar tsohuwar a gaban baƙi ana tafi, da shaidar hannun kowane maƙeri daga 2001 zuwa shekarar ambaliya ta tafi ke nan. Masu binciken da ke zuwa daga Turai kuwa abin da suke tambaya ke nan, su zaɓi almakashi ɗaya su ce a nuna musu hannun da ya yi shi. In babu, su janye takardar amincewarsu, a rufe mana kasuwa.

Rubab ta zauna ta dafe kai. Ka miƙa mata jalebi ka ce, "Ci, ai Sabir ya riga ya yi asararsa." Ba ka taɓa kai ƙararta wurina ba, ba ka bar ni na yi mata faɗa ba. Ta gyara umarnin ta sake kwashewa. Duk da haka ka ce sai ido ya gani, domin faifan da ya rage yana tsallake wasu. Ka zauna da allo biyu a gabanka, tsoho da sabo, kana buɗe kati ɗaya bayan ɗaya, shekara bayan shekara. Wata biyu kana yi. Ka tsamo ɗari biyu da sha huɗu da ba su ƙetare ba, Rubab ta janyo su da hannu. Ranar Lahadin da aka kai ka asibiti, a ƙarshen 2011 ka tsaya. Ɗanka Shahzeb ya kawo mini takardar da ka rubuta a gadon jinya: "Saura shekara uku. Kada ya kashe ta."

Ba zan kashe ta ba, Haji. Masu bincike za su zo ranar goma ga Maris. Rubab ta ce faifan yana iya tsayawa kowace safiya, kuma yanzu ni ma ina jin kukan da yake yi. Abokaina sun ce in ɗauki ma'aikata biyar su gama a mako guda. Na ƙi. Ba su san rubutunka ba, ba za su bambance Rehmat da wani maƙerin ba. Ni na tashi a cikin mutanen nan, na san yatsan da wuta ta ci da wanda dutsen wasa ya shafe. Tun washegarin addu'ar uku na bar wa manaja ofishina na koma kujerarka. Daga ƙarfe takwas zuwa la'asar nake yi. Jiya na duba ɗari shida na sami biyu da suka ɓace, ɗaya na Ustad Rehmat ne. Na kira shi ya ga dangwalen yatsansa ya koma mazauninsa a sabuwar na'urar. Ya daɗe tsaye yana kallon allon, sannan ya ɗaga hannu ya yi maka addu'a.

In Allah Ya ara mini kwana kuma faifan ya jure, zan kai katin ƙarshe kafin arba'in ɗinka. Ranar ba baƙi, ba tafi. Shahzeb ne zai zare wayar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka Hajiya Zubeda, da Shahzeb da ƙannensa mata biyu, da dukan dangin Dar, da maƙeranmu da suka yi rashin mai tsaya musu. Allah Ya jiƙanka, Haji, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ba ka bar sunan kowa ya ɓace a hannunka ba, Allah Ya ba ka littafinka a hannun dama, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Mu kuma Ya ba mu ikon cika amanar da ka bari, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ghulam Sabir Mughal, Sialkot